Tsohon tirombon na Hawkes & Son: a goge, a gyara, ko a sayar yadda yake?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan badujala. Akwai wani tsohon tirombon da ake so a sayar, irin mai bututun da ake ja ana turawa. Fari ne kamar azurfa, amma ya yi baƙi sosai. A jikin faffaɗan bakinsa an zana "Hawkes & Son, Denman Street, Piccadilly Circus, London", sannan akwai "Excelsior Sonorous" da "Class A". Yana cikin akwatin fata da ya fara ruɓewa, kuma bakin busarsa ya maƙale ya ƙi fita. Ɗan gwangwan ya taya da kilo, wani kuma ya ce azurfa ce zalla, a kai wa maƙera. Shin a goge shi ya yi ƙyalli kafin a nuna wa masu saye? Ta yaya ake sanin kuɗinsa? Kuma a nan gida ya fi a sayar, ko a nemi mai saye a waje?

Malam Ishaya:
Barka da rana, Baban Khalifa. Kafin komai, kada a goge, kada a murɗa bakin busar da filaya, kada kuma a riƙa jan silaid ɗin, wato bututun nan da ake ja ana turawa, ana gwadawa. Ƙurar hunturu da ta taru a ciki yashi ce, duk ja ɗaya sai ta ƙarje bututun ciki.

Rubutun da ka kawo ya riga ya ba mu zamaninsa. Hawkes & Son sun koma Denman Street a 1895, kuma a 1930 suka haɗe da Boosey & Co suka zama Boosey & Hawkes. Ke nan an ƙera shi tsakanin waɗannan shekaru, ko jim kaɗan bayan haɗewar. "Excelsior Sonorous" sunan kayansu na sahun gaba ne, ba na 'yan koyo ba.

Maganar azurfa zalla kuwa, a manta da ita. Tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa, kuma ruwan bai kai kaurin takarda ba. Kada a bar maƙeri ya goga masa zarto ko ya ɗiga masa asid don gwaji, tabon ba ya fita. Maganaɗisu ma ba zai raba gardama ba, domin ba ya kama tagulla, ba ya kama azurfa. Inda ake samun azurfa ta gaske shi ne a bakin wasu na kamfanin King, irin su Silvertone da Silversonic, kuma su ana buga musu shaidar "Sterling" a jiki. Shi kuma ɗan gwangwan, tirombon irin wannan bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ka ga kuɗin da zai ba da ba abin kallo ba ne.

Ka auna mana faɗin bakin daga gefe zuwa gefe, da faɗin ramin bututun ciki na silaid. Na biyun sai da irin ma'aunin da makanikai ke auna faɗin fayif da shi, ruwla ba za ta yi ba.

Oga Bandmasta:
Malam Ishaya ya yi daidai, amma akwai abin da ya kamata a sani tun kafin awo: saitin muryarsa. Yau duniya ta tsaya a kan cewa muryar A tana kaɗawa sau 440 a sakan. A zamanin da aka ƙera wannan, yawancin 'yan badujalar Ingila suna kan tsohon saiti mai tsini, wajen 452.5. Sojojin Birtaniya sun sauko a 1929, su kuwa ƙungiyoyin badujala na farar hula sun ci gaba da shi har tsakiyar shekarun 1960. Bambancin ya kusa rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta a fiyano. Wanda ya busa irin wannan cikin ƙungiyar yau, kowa zai ji shi a sama shi kaɗai, ko da ya iya busa.

Gwajin ba shi da wuya. A sauke manhajar saita murya a waya, a bar ta a kan 440. A tura ƙaramin silaid ɗin saiti da ke bayan kafaɗa ya shige, a rufe babban silaid a matsayi na farko, a sa wanda ya iya ya busa na 'yan mintoci har ƙarfen ya ɗau ɗumi, sannan ya riƙe muryar da ake kira Bi-fulat ta tsakiya. A saitin yau wajen 233 za ta nuna, a tsohon saiti kuwa za ta kusa 240. Na zamani ma idan an tura silaid ɗin saiti gaba ɗaya yakan ɗan hau, amma da an ja shi santimita ɗaya ko biyu sai allura ta dawo tsakiya. Mai tsohon saiti sai an ja shi kusan santimita 4, domin tsawon bututun tirombon duka wajen mita 2.7 ne, kuma ana bukatar ƙarin kusan santimita 8, rabi a kowace ƙafa cikin ƙafafu biyu na silaid ɗin saiti. Da yawa silaid ɗin saitin nasu bai ma kai wannan tsawon ba, sai ya zare. A yi gwajin da safe a ɗaki mai sanyi, zafin rana yana ɗaga murya.

A kuma duba jiki ko an buga HP ko LP. Na farko tsohon saiti ne, na biyu mai kusa da na yau. A lalube akwatin ma, wasu kamfanoni suna sayarwa da silaid ɗin saiti biyu, gajere da dogo.

Maman Ilham:
Ni fa ban gane ba, Oga. Abin da mai yiwuwa ya haura shekara 100, wa zai saye shi don ya busa? Masu tara kayan tarihi ake nema, kuma su ai tsufan suke saye. Ko a kwastan na ƙasashen waje, abin da ya wuce shekara 100 rukuninsa daban ne. Ina ganin kuna ƙoƙarin karya masa daraja tun ba a kai kasuwa ba.

Malam Ishaya:
Hajiya, maganarki ta kwastan gaskiya ce, amma rukunin haraji daban, farashin kasuwa daban. A kasuwar tirombon masu saye iri biyu ne, kuma masu busa sun fi masu tarawa yawa nesa ba kusa ba, su ne ma suke ɗaga farashi.

Abin da ya sa na Ingila na wancan zamani ba sa tsada shi ne, an ƙera su da yawan gaske. Kowace masana'anta, kowane ramin kwal, kowane barikin soja, kowane reshe na Salvation Army yana da ƙungiyarsa, kuma ta wannan hanyar ne ma irinsu suka shigo nan ƙasar, ta hannun soja da 'yan sanda da mishan. Sannan ramin bututunsu siriri ne, bakinsu ƙarami, muryarsu tsiririya. Daga shekarun 1950 masu busa a Ingila suka koma masu faɗin rami irin na Amurka, aka jibge tsofaffin a ɗakunan ajiya. Har yau suna nan birjik.

Waɗanda ake rububi a kansu ma ba su kai wannan tsufa ba. Conn 88H, wanda ya fito a 1954, mai rami inci 0.547 da baki inci 8 da rabi, idan na masana'antar Elkhart ne kafin a tashi daga can wajen 1971, yana da masu nema a kowane lokaci. Haka Conn 6H mai rami inci 0.500. Haka King 2B da 3B na zamanin H.N. White a Cleveland, waɗanda 'yan jaz ke so. Haka Bach da aka ƙera a New York ko a Mount Vernon tsakanin 1953 da 1964. Dalilin ɗaya ne: ana iya ɗaukarsu yau a hau dandamali da su. Kuma ko a cikin waɗannan kamfanoni, sunan kaɗai ba ya wadatarwa. Conn Director da Olds Ambassador na 'yan makaranta ne, masu ƙarko ne amma ba su da tsada.

Na masu tarawa na gaske wani aji ne can daban: aikin maƙeran Nuremberg na ƙarni na 16 da na 17, irin wanda Erasmus Schnitzer ya ƙera a 1551, ko na Faransa na farkon ƙarni na 19 mai baki da siffar kan dodo, ko mai bawul shida na Adolphe Sax. Na Baban Khalifa ba ya cikinsu. Abin da zai iya ɗaga shi shi ne zane mai yawa a baki, rubutun kyauta da ke nuna wa aka ba kuma yaushe, tambarin wata ƙungiya sananniya, da cikar kayansa na asali.

Maman Ilham:
To na ji. Amma rubutun ƙungiya ai shi ne tarihin. Idan aka samu tambarin wata runduna ta zamanin Turawa a jiki, ni a ganina ya fi ƙarfin a sayar wa mai busa.

Malam Ishaya:
A nan muna tare, Hajiya. Shi ya sa gogewa take da haɗari, irin wannan rubutun ba shi da zurfi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. An yi awo: baki inci 6 da rabi, ramin bututu wajen milimita 12.3. An busa, manhaja ta nuna 239. Babu HP ko LP a jiki, babu silaid na biyu a akwati. Silaid yana tafiya amma yana cijewa a wuri ɗaya, daidai lokacin da hannu ya kusa bakin. Akwai ɗige-ɗige ja-ja a lanƙwasar ƙasa kusa da maɓallin zubar da ruwa. Akwai lamba a jikin baki, akwai wata a jikin silaid, sannan akwai wasu haruffa uku da lamba 7 da aka buga daban, ba da irin rubutun kamfani ba.

Injiniya Bala:
Madalla, yanzu aka zo wurin. Tsohon saiti ne, mai siririn rami. Sauran magana tana kan silaid, don shi ne rabin kuɗin kowane tirombon.

A zare bututun waje gaba ɗaya a hankali. A wanke ciki da waje da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke kwanuka, a zura tsumma mai laushi a sandar gogewa, a tabbatar tsumman ya rufe kan sandar don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A bari ya bushe. Sai a gwada shi a bushe, babu mai babu komai, domin mai yana ɓoye aibi. A riƙe shi a karkace, kai ƙasa, hannu ɗaya a tare don kada ya zube: mai lafiya zai sulale da nauyin kansa.

Tunda yana cijewa a wuri ɗaya kullum, mafi yawa lotsawa ce a bututun waje. A sa bututun ciki ɗaya kaɗai cikin nasa na waje, ɗayan a bar shi a gefe, a ja a gani, sannan a sauya. Wanda ya cije shi ne mai lotsawar. Idan kowanne yana tafiya sumul shi kaɗai amma suna cijewa in an haɗa, to ba lotsawa ba ce, bututun biyu ne suka daina tafiya daidai da juna, ko tokarin da ke riƙe su ya karkace. Wanda kuma yake ƙara nauyi a hankali yayin da ake ja, bututun ne ya yi baka.

A duba ƙarshen bututun ciki, wurin da ya ɗan fi kauri, wanda masu gyara ke kira safa. A nan ne kawai ciki da waje suke haɗuwa. Idan ya cinye, iska za ta riƙa zurarewa. Gwajinsa: a haɗa silaid, a toshe ramukan sama biyu da yatsu, a saki na waje ya sauka. Idan ya tsaya yana ja da baya kamar ana tsotsarsa, lafiya lau. Idan ya zarce ba turjiya, akwai yoyo, ko a safa, ko a toshiyar maɓallin ruwa, ko wani rami. Toshiyar ita ce mafi sauƙi, a fara da ita.

Lambobin nan biyu kuma a kwatanta su. Idan kamfani ya buga lamba a duka ɓangarorin kuma ba su zo ɗaya ba, wataƙila an aurar da bakin wani da silaid ɗin wani. A ɗakunan ajiyar badujala wannan ya zama ruwan dare, kuma dole a faɗa wa mai saye.

Malam Ishaya:
Jan ɗigon nan shi ya fi damuna. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya. Yawu da danshi da suka daɗe a ciki suna cinye tutiyar, su bar jan ƙarfe mai rauni kamar soso. Daga ciki yake farawa, don haka in ka gan shi a waje ya riga ya ratsa. Lanƙwasar ƙasa nan ruwa ke kwanciya, shi ya sa ya fi kama wurin. Ba kowane ja ba ne wannan ciwon: idan ruwan azurfa ne ya goge ƙarfen ƙasa ya bayyana, za a ga fili mai faɗi, sumul, a wurin da hannu ke riƙewa. Ciwon kuwa ɗigo-ɗigo ne, sau da yawa da baƙin tsakiya, wani lokaci azurfar ta kumbura a kansa. Kada a soka allura. A toshe maɓallin, a cika bututun waje da ruwa, a goge jikin ya bushe, a jira minti goma a ga ko zai yi gumi. Ba a warkar da shi, sai dai a manna faci ko a sauya lanƙwasar.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai shawarata, a kai wa mai walda na gas ya like ɗigon, fanel bita ya fitar da lotsawar, a goge da Brasso ya yi wal-wal. Kaya mai kyan gani shi ke sayar da kansa. Wa zai ba da kuɗin kirki a kan abin da ya yi baƙi ƙirin kuma yana cijewa?

Injiniya Bala:
Ɗan'uwa, wannan hanyar ce take mayar da shi kayan gwangwan. An haɗa gaɓoɓin tirombon da dalma mai narkewa tun ƙasa da digiri 200. Wutar mai walda ta ninka haka sau da yawa. Kafin ya like rami ɗaya, tokarai sun saki, azurfa ta ƙone, ƙarfen kuma ya yi laushi ba zai koma yadda yake ba. Kaurin bangon bututun bai kai rabin milimita ba. Lotsawar silaid ana fitar da ita ne da sandar ƙarfe da aka ƙera daidai ramin, a zura ta ciki a murza daga waje. Guduma tana taɓa shi ya tashi daga aiki, kuma bututun Hawkes mai wannan awo ba a sayar da sabo.

Brasso kuwa yana da gari mai kankara, na tagulla tsirara ne. A kan ruwan azurfa, kowace gogewa tana ɗebe wani abu daga ɗan abin da ya rage. Haka toka, yashi, soson ƙarfe, lemon tsami da tsamiya. Baƙin da ake gani ba datti ba ne, azurfar ce ta haɗu da iska, kuma mai saye da ya san kaya ya fi son ya gan shi haka da ya ga rawaya tana leƙowa ta gefen zane.

Ɗan Sabon Gari:
To a bar shi da dauɗarsa ke nan? Ai ko hoto ba zai yi kyau ba.

Malama Rifkatu:
A'a, wanki daban, kankara daban. Ruwa mai ɗumi da sabulu, a shanya, sannan a bi shi sau ɗaya da ƙyallen goge azurfa irin na masu sayar da sarƙa, a hankali, ba a dannawa, musamman a kan rubutu. Wannan ya isa a karanta zane a hoto. Akwai masu shimfiɗa takardar alminiyom a baho su zuba ruwan zafi da bekin soda su tsoma shi. Yana cire baƙin ba tare da kankara ba, gaskiya ne, amma yana cire har wanda ke cikin ramin zane, wanda shi ke sa zanen ya fito, sai abin ya koma fari fat ba armashi. Ni ba zan ba da shawararsa ga abin da za a kai wa mai tarawa ba. Ga waɗanda nasu rawaya ne mai banish, ruwan zafi haramun ne gaba ɗaya, tsohon banish yana ɓarewa nan take.

Bakin busar da ya maƙale: a ɗiga man kwance noti a mahaɗar, a bar shi kwana biyu ko uku, a ɗan ƙwanƙwasa kewayen mahaɗar da ƙotar katako, a gwada da hannu kawai. Masu gyara suna da wani ɗan ƙarfe mai noti biyu da ke zare shi a miƙe. In babu, a bar shi a rubuta cewa ya maƙale. Filaya tana murɗe bututun da yake ciki, a yi asarar babba saboda ƙarami. Kuma kada a yar da shi ko da ya tsufa, domin na yau ba lallai su zauna daidai a wannan mahaɗar ba. Akwatin ma a kakkaɓe shi da buroshi a sha masa iska a inuwa, kada a sake masa fata.

Oga Bandmasta:
Game da gyara kafin sayarwa, ra'ayina ya ɗan bambanta da na Injiniya. Idan Conn 88H ne ko King 3B, kuma akwai ƙwararren mai gyaran kayan busa, gyaran silaid yana mayar da kuɗinsa har da riba, domin mai busa silaid yake fara tambaya. Amma wannan, ko an gyara silaid, tsohon saitin yana nan. Ana iya ƙara wa ƙafafun silaid ɗin saiti tsawo, an yi wa dubbai haka a Ingila lokacin sauyin, sai dai matsayi na bakwai, wato inda ake jan babban silaid har ƙarshe, yakan gaza, kuma mai tarawa zai ce an taɓa. Ka kashe kuɗi ka rasa masu saye iri biyun. A sayar yadda yake.

Roƙona ɗaya: kada a sayar wa makaranta ko ƙungiyar yara ta coci a matsayin na busawa. Yaron da ya fara da shi zai yi ta fama yana zaton shi ne bai iya ba, kunnensa kuma ya saba da muryar da ba daidai ba.

Injiniya Bala:
Ba mu saɓa ba, Oga. Sharaɗin dai shi ne ƙwararren, kuma a ji kuɗin aikin kafin ya taɓa.

Maman Ilham:
Ba wanda ya yi maganar jabu. Ta yaya za a tabbatar na gaske ne?

Malam Ishaya:
Akwai jabu, mafi yawa daga Indiya, amma sun fi yawa a ƙananan ƙahoni da begila, kuma sunan Besson da Boosey suka fi ɗauka. Alamarsu: a rubuta "Bessons" da ƙarin harafi, lamba iri ɗaya a kan kaya da yawa, rubutu bugagge mai kauri maimakon zanen hannu, dalma ta zubo a mahaɗai, da tsufan da aka shafa da gangan ko'ina daidai wa daida. Na gaske yana cinyewa ne a inda hannu da wuya ke taɓawa. Bayanin da Baban Khalifa ya kawo, har da tsohon saitin, ya yi kama da na gaske. Don neman shekara, gidan tarihi na Horniman a Landan ne ke riƙe da kundin Boosey & Hawkes, ana iya aika musu hoton lamba da rubutun.

Barista Auwal:
Haruffa ukun nan da lamba 7 su ne nawa. Irin wannan bugu yawanci alamar mallaka ce: ƙungiya kaza, kaya na bakwai. A gano ko ta wace ce. Idan ta soja ce ko 'yan sanda ko makaranta ko coci da har yanzu suna nan, a nemi shaidar yadda ya fita daga hannunsu, takardar gwanjo ko wasiƙar kyauta. In kuma kayan gado ne, sai duk magada sun yarda, a rubuta a sa hannu, kafin a karɓi ko sisi.

Idan za a fitar da shi waje daga Nijeriya, dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. Ta fi magana a kan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, wanda wannan ba ya ciki tunda ƙirar Landan ne. Duk da haka in yana da tambarin runduna, a je gidan tarihi na hukumar, kamar Gidan Makama a Kano ko na Jos ko na Kaduna, su duba su ba da takarda. A takardar kwastan, lambar kayan busa na tagulla ita ce 9205.10. Rukunin da Hajiya ta ambata, na abin da ya haura shekara 100, shi ne 9706, kuma ba a shiga shi sai da hujjar shekaru.

Malama Rifkatu:
Kan farashi: a shiga eBay a rubuta sunan kamfani da samfurin, a zaɓi waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ake talla ba. Kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama, kaya ya shekara ba a taya ba. Reverb ma, dandalin sayar da kayan kiɗa a intanet, yana nuna tarihin ciniki. A tara biyar zuwa goma masu irin wannan hali, wato tsohon saiti da silaid mai bukatar aiki, a jefar da mafi tsada da mafi araha, a ɗauki tsakiya. Daga nan a cire kamashon dandali, kuɗin banki da na canji, da kuɗin aike.

Aiken nan ne yake kashe cinikin. Kamfanoni irin su DHL ba nauyin sikeli kaɗai suke bi ba, suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000, su caji wanda ya fi yawa. Kwali mai 100 da 40 da 30, wanda zai ɗauki akwatin, kilo 24 ke nan, alhali kayan duka ba su wuce kilo 5 ba. Ba tare da akwati ba, kwali mai 90 da 30 da 30 zai ba da kilo 16 da ɗoriya. A tambayi kuɗin wannan nauyin zuwa Ingila a ajiye kusa da farashin da aka samo. Ga irin wannan tirombon, abu ne mai yiwuwa aiken ya fi kayan tsada, kuma mai saye a can yana da irinsa a kusa da shi.

Ɗan Sabon Gari:
Ke nan gida ya fi. Masu otal da masu shirya fim suna sayen irin wannan don ado, su ba ruwansu da saiti.

Maman Ilham:
Kafin otal, a fara gano haruffan. In ta tabbata na wata tsohuwar ƙungiyar badujala ce ta nan, gidan tarihi ko ita ƙungiyar kanta su ne suka fi cancanta a fara yi wa tayi, kuma a nan ne tarihin zai yi kuɗi, ba a Landan ba.

Injiniya Bala:
Ko ina za a sayar, tallan ya ƙunshi: rubutun baki kalma da kalma, lambobin duka, awon baki da na rami, sakamakon 239 ɗin nan da cewa tsohon saiti ne, inda silaid ke cijewa, jan ɗigon, da bakin busar da ya maƙale. Hotuna a hasken rana cikin inuwa, a kan farin zane, ba filasha: gaba ɗayansa ta gefe biyu, zanen kusa-kusa, safa biyun, lanƙwasar ƙasa, gefen baki, da cikin akwati. A ƙara ɗan bidiyon silaid yana tafiya a bushe. Aibin da aka ɓoye shi ke jawo a dawo da kaya, kuma kuɗin dawowar a wuyan mai sayarwa yake.

In za a aika, ko da Legas ne a mota, kada a dogara da tsohon akwatin. A raba baki da silaid. A ɗaure silaid kada ya zame, a naɗe shi, a sa shi tsakanin falankai biyu marasa nauyi. A cusa soso mai siffar mazurari cikin bakin har ya ɗan fito waje, domin idan kwali ya faɗi ta kai, bakin ne yake tattarewa. A bar aƙalla santimita 5 na abin tsaro ta kowane gefe, a girgiza kwalin, in an ji motsi a ƙara.

Barista Auwal:
Kuɗi kuma, a buɗe manhajar banki a ga sun zauna a asusu kafin kaya su bar hannu, saƙon alat kaɗai ba shaida ba ne. Duk wanda ya ce ya turo fiye da kima a mayar masa da ragowa, ko ya ce zai aiko direbansa a fara biyan direban, a rufe magana da shi. In dandalin waje ne, a tabbatar za a iya cire kuɗin daga nan tun kafin a sa tallan. A rubuta rasit mai ɗauke da lambobin jikin tirombon da cewa an sayar yadda yake, kowa ya riƙe kwafi.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. An yi gwajin ruwan, ɗigo biyu sun yi gumi, sauran ba su yi ba. Lambar baki da ta silaid sun zo ɗaya. Za a tsaya a kan wanki da ƙyalle kawai, a bi sawun haruffan kafin a sa kuɗi.

Malam Ishaya:
Lambobin da suka zo ɗaya abu ne mai kyau, a sa shi a layin farko na talla. Ɗigo biyun a ɗauke su hoto da ruwla a gefe don a ga girmansu. Bayan gwajin ruwan nan, a zare bututun waje a kife shi ya kwana yana tsiyayewa, a tabbatar ya bushe sarai kafin a mayar akwati, in ba haka ba danshin da ya rage zai ci gaba da cin wurin. Haruffan kuma, idan ba sa karantuwa sosai, a ɗora farar takarda a kai a goga fensir a kwance a hankali, sai a turo hoton takardar nan mu duba tare.